Mai Riƙe Fitila

Ni ne mai tafasa almakashi a asibitin Babura.
Shekara ashirin da ɗaya ina wanke jinin da ba nawa ba.
Likita tara na gani, kowa ya zo da jaka ɗaya,
bakwai sun tafi da jaka biyu,
ɗaya ƙasa ta rufe masa ido.
Na taran shi ne Dakta Nafi'u.

Daren Laraba aka kawo wata daga Insharuwa
a amalanken shanu, naƙuda kwana biyu.
Inji ya yi tari sau uku, ya yi gum.
Ya ce, "Baba Tsalha, ɗaga wayar nan sama,
kada hannunka ya yi rawa."
Hannu bai yi ba. Gwiwa ce ta ci amanata.
Ya tsaga, ya ciro yarinya shuɗiya kamar an tsoma ta a marina,
ya yi ta murza bayanta
har ta tsala ihun da ya tashi jemagun darbejiya.

Da ya ɗinke, muka zauna a dakali.
Shayinsa ya huce tun isha.
Ya kunna saƙonnin abokan karatunsa,
ni kuwa kunne ba shi da marfi.

Shamsuddini daga Ingila:
"Shekara huɗu ina riƙe wa babba ƙugiya,
ko gwaiwa ba a sakar mini ni kaɗai ba.
Kowane ɗinki sai an duba, an sa hannu.
Amma lokaci na cika zan cire safar hannu in tafi gida,
in tarar da sanyi ya riga ni shiga."

Kubura daga Jidda:
albashi ba ya saɓa rana, wuta ba ta ƙiftawa,
sai dai tana tsaye da farar riga
mara lafiya zai dube ta ya ce, "Ina likitan?"

Bashari yana Indiya.
Muryarsa kamar ta wanda ya kwana a rijiya.
Awa talatin da shida a tsaye,
malaminsa na yarfa shi gaban ɗalibai,
sannan ya kama yatsunsa ya nuna masa inda jijiya ke ɓuya.

Dakta ya kashe wayar.
Ya ce, "Baba, duk na fi su yanka.
Ciki ɗari shida a shekara biyu.
To, ran da na yi kuskure, wa zai ce mini kuskure ne?
Littafi ba ya tsawa.
Maƙabarta ce ke duba aikina,
ita kuwa ba ta magana."

Ban ce komai ba.
Iyakar tafiyata Damagaram, ita ma biki ya kai ni.
Amma ubana maƙeri ne,
na san yaron da aka bar wa maƙera tun bai gama koyo ba:
zai iya lauje, zai iya fartanya,
ƙunar hannunsa ce kawai za ta yi yawa.

Na ga takardar nan da yake turawa ƙarƙashin rajista,
mai hoton fasfo a kusurwa.
In na zo shara, sai in kaɗe mata ƙura
in mayar da ita yadda na same ta.
Wata biyar ba a biya shi kuɗin kwanan aiki ba,
da wane baki zan ce ya zauna?

Gari na wayewa mijin matar ya zo
da ƙwan zabi goma sha biyu a ƙoƙo,
yana tambayar sunan mahaifiyar likita.
"Tabawa," in ji shi, ya juya fuska ga bango.

Kafin ya kurɓi shayin
sai ga kukan wata amalanke a bakin ƙofa.
"Baba, cajin wayarka nawa ya rage?"
"Sha ɗaya."
Ya miƙe, yana naɗe hannun riga.
"Ɗora ruwa. Zai kai mu."